Na Fito

Albasa ce ta haɗa su.

Auta ba ta cika sati a ƙasar wajen da aka turo ta aiki ba. A ɗakinta na gidan da kamfani ya kama wa ma'aikata, ta ɗora mai a wuta, ta zuba albasa, ta juya za ta ɗauko gishiri, sai wani farin abu da ke manne a silin ya ɓarke da ƙara kamar zai fasa mata kunne. Ba ta tsaya neman takalmi ba. Da ludayi a hannu ta yi waje tana salati.

"Baiwar Allah, me kika ɗora?"

Da Hausa aka yi tambayar. Ta waiga, ta ga wani dogon saurayi da kwandon wanki, yana ƙoƙarin danne dariya.

"Gobara ce," in ji ta.

Ya nemi izini, ya shiga, ya kashe wutar, ya buɗe taga, ya miƙa hannu ba tare da ya ko ɗaga dunduniya ba, ya danna abin ya yi shiru.

"Hayaƙi yake ji, ba wuta ba. Kowa a gidan nan sai da ya yi masa haka. Ni da tawul na fito."

Ta sunkuyar da kai, sai a lokacin ta ga ludayin. Dariya ta ƙwace mata tare da hawaye.

A wurin aiki Dogo ake ce masa. Mai gyaran lantarki ne, an turo shi na wasu watanni kamar yadda asibitinsu Auta ya ba da aronta. Ramin jirgin ƙasa ake haƙawa a ƙarƙashin wani dutse. Shi yana wuni a ciki, ita kuma tana ɗan ɗakin shan magani da ke bakin ramin, tana wanke rauni da ɗiga wa mutane magani a ido.

Auta fa matsoraciya ce, ba ta ma musu. A gida kyankyaso kan hana ta shiga banɗaki. A nan abin tsoro ya ƙaru: lif, injin wanki mai jijjiga, motar ma'aikata da ba ta jiran kowa, da harshen mutanen wurin, wanda take ji in an yi a hankali amma ya gudu daga bakinta da zarar an kalle ta. Sama da duka akwai shugaban aikin, wani dattijo da ake kira Mai Furfura.

Dogo ne ya nuna mata shagon da ake samun barkono mai yaji, ya koya mata danna injin wanki, ya riƙa hawa bene da ƙafa tare da ita ba tare da ya taɓa tambayar dalili ba.

Wata safiya ta tsaya tana kallon yadda ake shiga ramin. Akwai allo a bakin ƙofa, ɓari ja, ɓari kore. Kowane ma'aikaci yana da 'yar lambar tagulla. In zai shiga ya rataye ta a ja, in ya fito ya mayar da ita kore. Doka ce kowa ya taɓa tasa da hannunsa. Daga nan su hau ƙaramin jirgi, duhu ya haɗiye su.

"Waya tana shiga a ciki?" ta tambaye shi.

"Ko kaɗan."

"To in wani abu ya faru?"

Ya dube ta. "Kina so in riƙa sanar da ke in na fito?"

"Ni ban ce ba."

Da yammar ranar wayarta ta yi ƙara.

"Na fito."

Washegari ma haka. Sannu a hankali saƙon ya fara tsawo.

"Na fito, Fitilata. A ciki duk wanda ya ga ina murmushi sai ya ɗauka ƙura ce ta taɓa min kai."

Ta amsa: "Dogon banza. Ka ci abinci kuwa? Kuma ka daina cire abin rufe hanci, ina ganin tarin da kake yi."

"In na daina tari da wane dalili zan zo ɗakin magani?"

"Ka zo ba dalili."

Ta tura kafin ta yi tunani, ta kifa wayar a kan tebur, ta rufe fuska da mayafi. Ta kamu, kuma ta san ta kamu.

Ta fara kiran Mama a waya ta gaya mata. Mama ta yi murna, ta ce bari Baba ya dawo daga masallaci. Da ya kira, ya saurare ta har ƙarshe, ya tambayi iyayen yaron da garinsu, duk ya ce madalla. Sai ya zo kan sana'a.

"A cikin ƙasa yake aikin?"

"E, Baba, amma akwai tsaro sosai."

"Auta, kin san yadda ƙanena ya rasu."

Ta sani. Haƙar rijiya yake yi, ta rufta da shi tun kafin a haife ta. Ba a ambaton maganar a gidansu.

"Ban hana ki aure ba," in ji Baba a hankali. "Amma ba zan ɗauke ki in ba wanda kullum sai ya shiga ƙasa da ƙafarsa ba. Kin fi kowa raunin zuciya a 'ya'yana. Zaman jiran zai kashe ki."

Ba ta taɓa mayar wa Baba magana ba. Ta ce to, ta ajiye wayar.

Ta roƙi Dogo ya nemi aikin waje. Ya ce zai duba.

Akwai wani abokin aikinsa, ɗan ƙasarsu, da ake kira Ɗan Gayu saboda ko rigar aikinsa sai ya goge. Ya daɗe yana zarya ɗakin magani da ciwon kan da ba ya warkewa. Shi ya kawo mata labari yana gyara hula.

"Nas, ai na ɗauka kin sani. An ba mutuminki aikin kula da janareto a waje, ya ce ba ya so. Wasu ramin ya fi musu komai."

Ta tura wa Dogo tambaya ɗaya: "Gaskiya ne an ba ka aikin waje ka ƙi?"

"Gaskiya ne. Bari in zo in yi miki bayani."

"Ba sai ka zo ba. Ka zaɓa."

Ta daina amsa kiransa. Ta sauya kujera a motar ma'aikata. In ta hango shi a bene sai ta koma ɗaki. Amma kowace yamma, da an tashi aiki, saƙon yana zuwa, ya koma gajere kamar na farko.

"Na fito."

Ba ta amsawa, amma sai ta gan shi take iya haɗiyar abinci.

Ranar da abin ya faru, ana dab da azahar, tana naɗe bandeji jiniyar ramin ta ɗauka. Wannan karon ba albasa ba ce. Baƙin hayaƙi ne ke tuɗaɗowa daga ciki, mai warin ƙonanniyar roba. Ƙaramin jirgin ya fito da mutane maƙil, suna tari, fuskokinsu baƙi ƙirin har ba ka bambance wannan da wancan. Aka yi cincirindo a gaban allo, aka watse zuwa filin taruwa. Auta tana ta wanke idanu, tana ɗora wa masu haki robar iska.

Da ta samu sarari ta ɗaga kai. Allon duk ya koma kore. Ga lambar Dogo can a cikinsu. Ta sauke ajiyar zuciya, ta zaro wayarta.

Babu saƙo.

Ta duba ko sabis ne ya ɗauke. Yana nan. Ta kira shi, aka ce ba a samun layin. Ta bi filin da ido. Mutumin da ya fi kowa tsawo ba ya ɓuya a taro, kuma ba ta gan shi ba.

Can bakin ramin Mai Furfura ya gama duba allon, ya ɗaga hannu. Ta fahimci umarnin: a kashe fankokin da ke kai iska ciki, a rufe babbar ƙofar ƙarfe don wutar ta mutu. Ƙofar ta fara tafiya a kan layinta tana gurnani.

Zuciyar Auta ta ce mata wataƙila wayarsa ce ta mutu, wataƙila ya gaji da tura saƙon da ba a amsawa, wataƙila za ta tsayar da aiki a banza a kore ta gida da kunya. Duk tana jin wannan, ƙafafunta kuwa sun riga sun fara gudu.

Ta tsaya a kan layin ƙofar, hayaƙi na dukan bayanta. Mai tura ƙofar ya taka birki. Mai Furfura ya taso yana faɗa, idanun kowa suka dawo kanta. Harshen nan ya gudu daga bakinta kamar kullum, ta kamo abin da ya saura.

"Mutum yana ciki. Mai lantarki. Dogo."

Ya nuna mata allon da yatsa.

"Na gani," in ji ta, hawaye na zuba. "Kullum in ya fito yana gaya min. Ko muna faɗa yana gaya min. Yau bai gaya min ba."

Dattijon ya dube ta, ya dubi wayar da ke hannunta. Bai yi dariya ba. Ya juya ga taron, ya tambaya wa ya ga Dogo a cikin jirgi. Ba wanda ya gan shi. Ya sake tambaya wa ya taɓa lambarsa.

Ɗan Gayu ya fito yana haɗa gumi. Ashe sun saba, saboda layin allo yana sa su rasa motar farko, mutum ɗaya kan kwashe lambobin 'yan rukuninsu gaba ɗaya ya mayar kore. Yau ma abin da hannunsa ya yi ke nan cikin ruɗu. Ya ɗauka Dogo yana taragon baya.

Aka bar fankokin a kunne. Masu ceto suka goya tukwanen iska suka shiga. Auta ta durƙusa a gefen ƙofar, duk addu'ar da ta iya ta karanta, ta sake karantawa. Ba ta san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Ta dai san ta ciji leɓenta har ya yi jini.

A wani lungu suka same shi, kusa da akwatin wuta. Da jiniya ta ɗauka ya koma ya katse lantarkin cikin ramin don kada gobarar ta bi waya, jirgi ya tafi ya bar shi. Ya kwanta a ƙasa ya rufe hanci da rigarsa, iskar fanka ce kawai ta riƙe shi.

Da aka fito da shi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, ƙafafunsa sun zarce gadon. Ita ta ɗora masa robar iska. Ya buɗe jajayen idanu, ya janye robar kaɗan.

"Na fito," ya ce da dusasshiyar murya.

"Ka yi shiru. Ka mayar da abin nan."

A asibiti ya yi mata bayanin da ta ƙi saurara. Aikin janareton da sharaɗi ya zo, sai ya ƙara shekara a ƙasar. Shi kuma so yake in wa'adinta ya cika su koma gida tare, ya je gaban Baba da kansa.

"Ɗan Gayu bai gaya min wannan ba."

"Ke ma ba ki tambaya ba, Fitilata."

Ta yi kuka, ta ba shi haƙuri, ta kuma zage shi a kan komawar da ya yi. Ɗan Gayu ma ya zo da jakar lemo, hula a hannu, rigarsa a yamutse. Dogo ya yafe masa.

Da yamma ta kira Baba. Ta san labarin zai iya ƙara masa hujja, amma ba ta rage komai ba, har tsayuwarta a gaban ƙofar.

"Ke kika tsaya?" in ji shi. "Ke Auta?"

"Ni ce, Baba. Har yanzu ina tsoro. Amma na fi tsoron a ce ranar ba ni a wurin."

Da Baba ya sake magana, muryarsa ta sauya.

"Ranar da rijiya ta rufta da ƙanena, tun hantsi abin ya faru. Sai bayan magariba muka lura bai dawo ba. Ba wanda ke jiran fitowarsa." Ya ja numfashi. "In kun dawo, ki ce ya turo magabatansa."

Wa'adinsu ya cika, suka dawo a jirgin sama ɗaya. Ta ƙanƙame hannun kujera tun tashi har sauka, yana ta tsokanarta.

Ranar ɗaurin aure tana ɗakin Mama, 'yan uwa sun cika gidan da hayaniya. Maza sun daɗe da tafiya, ba labari. Ta riƙe wayar a ƙarƙashin mayafi har tafinta ya jiƙe.

Sai wayar ta yi ƙara.

"Na fito, matata. An ɗaura. Baba ya riƙe hannuna ya ce kullum in riƙa gaya miki."

Mama ta leƙa fuskarta, ta gane, ta rungume ta. "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa duk inda ya shiga ya fito lafiya."

Auta ta ce amin, ta share hawaye, ta rubuta masa amsa.

"Na gani, Dogona. Ina jira."