Mayafin Ƙanena a Jikin Matata

"Cire shi, Perrine."

Ta ɗago daga kan tukunyar wake, ludayi a hannu. "In cire me?"

"Kin sani. Mayafin nan."

"Yau ma? Haba Mathurin..."

Ni ba mai faɗa ba ne, duk gaɓar kogin nan an shaide ni. Amma wata biyu ke nan matata tana kwana tana tashi cikin mayafin ƙanena Toussaint, abin ya tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi.

Fatun kasto ne guda shida, dabbar nan ta ruwa mai laushin gashi, aka ɗinke wuri ɗaya. Sabuwar fata ba ta da daraja wurin 'yan kamfani a Kebek. Sai wadda mutum ya sa a jiki tsawon hunturu, gashin daga ciki, har dogayen su zube, maiƙon jiki ya ratsa ta. Ita masu huluna a Faransa suke rububi. Toussaint yakan sayo irinta wurin mutanen Algonkin, 'yan asalin ƙasar, amma bana bai samu da yawa ba. Sai ya kawo sababbi, Innarmu ta ɗinke, ta ce Perrine ta riƙa sawa don ta taimaki ƙanin mijinta.

Duk na san wannan, sanin bai yi mini magani ba. In ƙanƙara ta narke Toussaint zai naɗe mayafin da ɗumin matata a ciki, ya sa a kwale-kwalensa ya tafi.

"Jiya da ya zo," na ce, "har sansana gefensa ya yi. Ke kuma kina dariya!"

"Fata yake dubawa, sana'arsa ce. So kake in yi kuka?"

"Ni ban taɓa jin kin yi mini irin dariyar ba."

"Kai ba ka ba da labarin faɗa da beyar. Labarin kututture kake bayarwa."

Da wasa ta faɗa, na sani. Amma ta taɓa inda yake ciwo.

Ranar da jirgin ruwan sarkin Faransa ya kawo 'yan mata Kebek, muka je gidan sistoci neman aure, Toussaint ne ya riga ni tsayawa a gabanta. Ta yi masa tambayar da kowacce take yi: "Kana da gida?" Ya ce yana da kwale-kwale, daji kuwa duk nasa ne. Ni na shekara uku ina sare itatuwa, ina da gona, ina da gida. Ta zaɓe ni. Tun ranar nake da tambaya a ciki, yau ta fito.

"Gida kika aura, Perrine, ba ni ba. Da yana da ko bukka, da shi kika bi."

Ta ajiye ludayin a hankali. Ta zare mayafin, ta ninke, ta ɗora kan benci.

"Ga kayan ƙaninka. Ga gidanka. Na tafi wurin Inna."

Ta fita daga ita sai rigar da ta zo da ita daga Faransa.

Na zauna kan kujerarta, gaban murhu, wai in nuna ban damu ba. Ban taɓa zama a gidan nan da rana ba. Kullum ina daji da gatari, in dawo jiki na tururi, in ci, in faɗi kamar gungume.

Ba a jima ba na ji iska tana yanka mini baya. Na juya. Tsakanin gungumen bango akwai kafa, ina hango farin dusar ƙanƙarar waje ta ciki. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Ƙofar ma ni na fuskantar da ita kogi don in riƙa ganin jirage, daidai inda iskar take bugowa. Na taɓa ruwan bokiti, taku uku daga wuta. Ya daskare.

A nan take yini. Kullum.

Na suri mayafin na fita da gudu, ina nutsewa cikin dusar ƙanƙara har gwiwa. Na iske ta a bakin gonar Inna, ta rungume kanta, leɓenta ya canza launi.

"Perrine! Tsaya, don Allah!"

"Me kuma na yi?"

"Gidan nan... sanyi gare shi."

Ta dube ni, hawaye na bin kumatunta, amma sai da dariya ta ƙwace mata. "Yau ka sani? Sannu da ƙoƙari, maigida!"

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"In faɗa yaya? Kullum ka dawo sai ka shafa bangon nan kamar goshin jariri. In ce maka ɗanka mummuna ne?" Ta ja hanci. "Da gida na aura, Mathurin, da tun satin farko na gudu. Kaji ma sun fi mu ɗumi!"

"To me kika gani..."

"Maza biyar suka ce mini suna da gida ranar. Kowa nasa fada ce. Kai kaɗai ka sunkuyar da kai ka ce, akwai, amma ni na gina, kuma ban iya sosai ba. Na ce a raina, wannan ba zai taɓa yi mini ƙarya ba."

Na warware mayafin na lulluɓa mata da hannuna, na ja shi har wuyanta.

"Gobe zan cike kafofin da laka da gansakuka. Ƙofar kuma in an yi bazara..."

"Yau za ka cike."

"Yau."

Na gyara mata gefen mayafin. "Amma dai sansanawar nan da yake yi..."

"Wayyo ni Perrine!" Ta buɗe gefe ɗaya na mayafin. "Shigo nan, sarkin kishi. In ya so ya sansana mu duka biyu."

Na shiga. Bai ishe mu ba, kafaɗata ɗaya tana waje. Haka muka juya gida, muna taka ƙafar juna.