Ƙwaryar Delu Mai Faifai

A wani gari, can da, an yi wata ƙungiyar mata masu tara hatsi don ciyar da marasa lafiya. Delu ce ke bin gida-gida da ƙwarya rufe da faifai. In ta shiga, sai ta ajiye, ta juya baya, matar gida ta zuba abin da ya sawwaƙa.

Ran nan, da ɗan hatsin da ta tara a ƙwarya, Delu ta shiga gidan Hajiya Kande, wadda ake wa kallon mai hali. Ta ajiye, ta juya baya. Da ta ɗauka, sai ta ji ƙwarya ta rage nauyi.

Delu ta biya gida, ta cike ta da ɗan geronta, sannan ta kai wa ƙungiya.

Shugabar ƙungiya ta ɗaga faifai ta ce, "Hala Hajiya ce ta cika mana ita?"

Delu ta ce, "Yaya, ni dai na ajiye, na juya baya."