Jar Fitilar Ƙofar Gida

Da Sufeto ya isa gidan, an riga an lulluɓe tsohon a ƙofar banɗakin ɗakinsa na baya. Likita ya ce tun da safe ya faɗi, bai cika ba sai yamma. Shanyewar ɓarin jiki ta daɗe da ɗauke masa magana. Sufeto ya buɗe hannun da ke da lafiya, ya tarar da wani ɗan madanni a damƙe, babban yatsan ya kumbura.

"Wannan fa?" ya tambayi ɗan marigayin, wanda ke tsaye da farar riga mai guga.

"Na kira ne, Yallaɓai. In ya danna, fitilar ƙofar gida sai ta yi ta ƙyaftawa da ja, wayata kuma ta yi ƙara. To, fitilar ta daina kama waifai. Wancan mugun mai gyaran ne ya kashe min uba da aikin banza. A kama shi!"

An kama shi kuwa. A ofis Sufeto ya same shi a ƙasa, leɓensa a fashe, domin masu gadin gidan sun riga hukuma hukunci.

"Ranka ya daɗe, wallahi fitilar nan lafiyarta ƙalau. Na matso da akwatin intanet kusa da taga, na goge komai na sake haɗawa, ta kama a gabansu. Kwana biyu sai a sake kirana. Har na fara zaton aljanu ne."

"Fitila nawa ka saka a gidan?"

"Biyu, iri ɗaya. Ta ƙofa da ta rumfar mota."

"Ta rumfar ta taɓa yankewa?"

Mai gyara ya girgiza kai a hankali.

Sufeto ya koma gidan. Rumfar motar ta fi ƙofa nisa da akwatin, ga katanga a tsakani, amma fitilarta na amsa umarni nan take. Ya daɗe yana kallon motar, wadda aka wanke har da tayoyinta.

Matar gidan, surukar marigayin, ta ce ita ba ta san komai ba, tana aiki tun safe.

"Wa ke da lambar sirrin akwatin?"

"Mai gyara."

"Shi ya ce mijinki ya sauya ta ran da aka saka, bai kuma sake ba shi ba. Ke ko shi, wani ya yi ƙarya, kuma mai ƙaryar zai kwana a wajenmu."

Ta dubi ƙofar falo, ta rage murya. "Sai da na ce wa mijina ya bari. Ya ce in na sake magana, in koma can baya mu zauna tare da Baba."

Sufeto ya sa aka kawo mai gyara, sannan ya miƙa wa maigidan, ɗan marigayin, hannu. "Wayarka, a buɗe."

"Kai, yau aka yi min rasuwa!"

"Na sani. Buɗe."

A cikin manhajar akwatin akwai wurin da ake toshe na'urar da ba a so ta hau. Na'ura ɗaya ce tak a wurin: fitilar ƙofa. Mai gyara ya kalle ta, ya taɓa leɓensa.

"Kana buɗe ta in mai gyara zai zo, ka toshe bayan ya tafi," in ji Sufeto. "Ga shaida kana neman gyara, ga kunnenka ya huta. Me ya sa?"

Maigidan ya zauna, ya gyara wuyan rigarsa.

"Ba ka san Baba ba. Ruwa, ya danna. Ƙuda ya sauka masa, ya danna. Wayar ina iya kashe mata sauti, amma fitilar fa? Duk layin nan suna ƙirga tsawon lokacin da take ja kafin a je. Maƙwabcina har a gaban baƙina ya ce, 'Tsoho na kira, ko in shiga in duba maka?' Ni za a mayar abin nuni? Ni ban taɓa shi ba. Fitila kawai na kashe."

"Wuni guda yana dannawa."

"Ai ban sani ba."

"Haka ka tsara, kada ka sani."

Kofur ɗin da ke tare da Sufeto ya ɗaura masa ankwa. Sai a lokacin fuskarsa ta sauya. Ya leƙa ta taga, ya ga masu gaisuwa sun cika ƙofar gida, sun shimfiɗa tabarmi har bakin titi.

"Yallaɓai, don Allah, akwai ƙofa ta baya. Mu bi ta can."

Sufeto ya jira ko zai tambayi lokacin jana'iza, ko wanda zai wanke mahaifinsa. Bai tambaya ba.

"Kofur," ya ce, "motarmu tana ƙarshen layi. Ku bi ta gaba, kuma kada ku yi sauri."