Jimlar da Lillo Ya Haddace

Ornella na tsaye a bakin ƙofar ɗakin asibitin, jaka a kafaɗa, tana kallon Mama Nunziata tana ninke rigunan Lillo tana jerawa a akwati.

Ba ta tambayi inda za a kai su ba.

"Da bakinsa ya faɗa," in ji tsohuwar, ba ta ko ɗago ba. "Ga Gaetana nan shaida ce. Tornare ya ce. Gida ɗana yake so ya koma."

Lillo na zaune a keken marasa lafiya, ya zuba wa Ornella ido. Saura kwana goma sha tara a ɗaura musu aure ya yanke jiki ya faɗi a garejin da yake gyaran motocin bas, jijiya ta toshe masa a kai. Ya farfaɗo hannun dama a mace, magana kuma ta dawo rabi da rabi. Sunayen abubuwa na nan, amma aikatau tsirara yake fito masa: mangiare, dormire, andare. Ci, barci, tafiya. Babu 'yar wutsiyar nan da ke nuna wa ya yi, ko yaushe aka yi.

Shekara goma sha ɗaya Ornella ta yi a Perugia tana koya wa baƙi juya aikatau na Italiyanci. Ta fi kowa sanin cewa tornare bai ce wa zai koma ba, bai ce ina ba. Tana iya faɗa. Sai dai tun ranar da aka kira ta daga gareji wani abu ya mutu a ƙirjinta, ba ta kuka, ba ta fushi, abinci ma sai ta ga kwano ya zama fanko take sanin ta ci.

"To, Mama," ta ce. "Allah ya kiyaye hanya."

Tun farko Mama Nunziata ba ta son wannan aure. Ornella bazawara ce, don haka ba za a yi a coci ba, sai a ofishin magajin gari kamar masu neman lasisi. Kuma ba 'yar tsibirinsu na Sisiliya ba ce. Ita wadda take wa ɗanta sha'awa ita ce Gaetana, 'yar maƙwabtansu a ƙauye, ma'aikaciyar jinya, wadda ta biyo ta har Perugia wai taimako.

Wata biyu kullum da la'asar Ornella na zama gefen gadonsa da littafi, ta zana gida shida: ni, kai, shi, mu, ku, su. Parlo, parli, parla: ina magana, kana magana, yana magana. Wata rana ya kai gida na uku, wata rana ya yi jifa da fensir ya juya wa bango fuska. Wannan littafin ta ciro ta miƙa wa mahaifinsa, Baba Baldassare, tsoho marar yawan magana da bai wuce aji biyar ba. Ya karɓa da hannu biyu.

Ta sunkuya ta sumbaci goshin Lillo.

"Sai mun yi waya, Lillo na."

Leɓensa ya yi ta motsi. Kafin kalmar ta fito Gaetana ta juya keken.

Daga nan kwanaki suka riƙa wucewa iri ɗaya. Ta tashi, ta sha gahawa a tsaye, ta hau tudu zuwa makaranta. A watan Nuwamba ta koyar da shuɗaɗɗen lokaci, a Janairu lokaci mai zuwa, a Fabrairu sigar shakka da fata, wadda ɗalibai suka fi tsana. Wata 'yar Brazil ta tambaye ta ko akwai mai amfani da waɗannan duka a rayuwa. Ornella ta ce akwai, ta ci gaba da rubutu a allo.

Duk Lahadi tana kiran waya. Duk Lahadi Gaetana ce ke ɗauka: yana hutawa, yana wanka, likita ya ce kada a gajiyar da shi. Ornella ta ce to, a gaishe shi. Ƙanwarta ta yi ta mata faɗa, wace irin mace ce za a ɗauke mata miji ta tsaya tana godiya? Ta saurara har ƙarshe, ta ce za ta duba.

Ana saura mako biyu bikin Ista sai Gaetana ta kira da kanta, murya kamar zuma.

"Malama, ya samu sauƙi sosai. Akwai maganar da yake so ya faɗa miki baki da baki."

Jirgin ƙasa, jirgin ruwa, sannan motar haya. Ta isa ƙauyen ana shirin cin abincin rana. Mama Nunziata ta ba ta kumatu ta sumbata, ta ce ta rame, lalle abincin mutanen arewacin Italiya ne. Aka zuba taliya da kifin sardin.

Lillo ya shigo da sanda, yana jan ƙafa, amma da kansa. An yi masa aski, an sa masa farar riga. Ya zauna daura da ita bai yarda sun haɗa ido ba. Ana cikin ci ya nuna tulun ruwa ya ce, "Bere." Sha. Gaetana ta zuba masa.

Da aka kwashe kwanuka Gaetana ta taɓa kafaɗarsa. Ya miƙe, ya kafe idonsa a kan agogon bango, maganar ta zubo ba gargada:

"Da na zauna da lafiyata, ti avrei sposata... da na aure ki. Yanzu ki je ki yi rayuwarki."



Ornella ta jira ta ji zafi. Ba ta ji ba. Ta ce ta gode da ya faɗa mata da kansa, ta gode wa Mama da abinci, ta tambayi ƙarfe nawa motar yamma ke tashi. Ta ɗauki jakarta ta fita tsakar gida.

A gindin bishiyar lemun tsami ta tsaya tana neman tikitinta. Jimlar na ta maimaita kanta a kunnenta, ba don ma'anarta ba, don yadda aka gina ta. Ɗalibanta masu ƙwazo sai sun shekara biyu kafin su haɗa irinta ba tuntuɓe. Mutumin da ɗazu ya roƙi ruwa da aikatau tsirara, shi ne zai haɗa ta? Ta sha jin irin wannan muryar a ɗakin jarrabawa. Muryar wanda ya yi hadda ce.

Ta koma ciki.

"Lillo, juya min ita da ci. Ka ce da na ci."

"Malama, don Allah, bai isa haka ba?" in ji Gaetana.

"Ba da ke nake ba. Lillo, da na ci."

Ya buɗe baki. "Avrei..." Jijiyar wuyansa ta tashi. "Avrei... sposata."

"Da na tafi fa?"

"Sposata," ya sake cewa, ƙwalla ta cika masa ido.

Baba Baldassare ne ya yi magana, yana kallon hannuwansa. Ya ce mako uku ke nan ana bita safe da yamma a ɗakin baya. An gaya wa yaron cewa malama ta gaji, kunya ce kawai ta hana ta faɗa, in shi namiji ne ya sake ta ta huta. Ya ce shi ya ji, ya yi shiru, kuma bai kyauta ba.

Mama Nunziata ta ce tsohon nan ya fara ruɗewa. Gaetana kuwa ba ta musa ba. Ta juyo ta fuskanci Ornella.

"Ni nake ɗaga shi. Ni nake wanke shi in ya ɓata jikinsa. Wata biyar. Ke kina ina? Sau ɗaya kika taɓa cewa sai an ba shi wayar? Sau ɗaya?"

"Ban taɓa ba," in ji Ornella.

Gaskiya ce. Ta ja kujera ta zauna gaban Lillo har gwiwoyinsu na taɓa juna.

"Ban gaji ba, masoyina. Ban san me ya same ni ba, amma ba gajiya ba ce. Yanzu bar tata jimlar. Faɗa min wadda za ka iya ginawa da kanka, ko kalma ɗaya ce. In tafiya ce, zan tafi."

Baba Baldassare ya ce a hankali, shi da Lillo sun ɗan taɓa karatun littafin da ta ba shi a gonar zaitun in mata ba sa nan. Lokaci mai ci kawai, shi ma iyakar abin da ya gane ke nan.

Lillo ya runtse ido. Yatsun hannun hagunsa suka fara ƙirga gidaje a kan cinyarsa.

"Restare," ya ce. Zama.



"Resto..." Ina zama. Ya girgiza kai, ba shi ba. "Resti..." Kina zama. Ya daki cinyarsa. Gumi ya tsattsafo masa a goshi, Mama Nunziata ta yunƙura, tsohon ya ce ta zauna. Sai Lillo ya buɗe ido, ya kamo wuyan hannun Ornella da ƙarfin da ba ta san yana da shi ba.

"Resta."

Ki zauna. Kalmar gida na uku ce, amma a matsayin umarni ya faɗe ta, abin da ba a taɓa koya masa ba.

Gaetana ta cire rigar aikinta ta ninke, ta aje a kan kujera, ta fita ba sallama.

Motar yamma ta tashi ba Ornella. Mama Nunziata ta yi ta buga tukwane a kicin kusan awa guda, sannan ta leƙo, fuska a murtuke, ta ce gadon ɗakin sama ba shimfiɗa, zannuwa na cikin kabad, kada a taɓa masu ado don na baƙi ne.

Ornella ta hau sama. Ta ɗauko zanen gado ta warware, ƙamshin sabulu da rana ya bugi hancinta. Ta zauna a ƙasa ta cusa fuska a zanen ta yi kukan da ya kai wata bakwai yana jiranta, har Baba Baldassare ya hawo ya tsaya a bakin ƙofa, ya ga ba abin da zai iya yi, ya koma.

Ornella ta aje aikin Perugia, ta samu na koyar da baƙi ma'aikatan gona a garin da ke kusa. Gaetana ta koma wani asibiti a Palermo. Likita ya ce shuɗaɗɗen lokaci mai yiwuwa ya dawo wa Lillo, mai yiwuwa kuma shi ke nan.

A watan Yuni aka ɗaura auren a ofishin magajin gari, mutum tara. Mama Nunziata ta zo da baƙaƙen kaya, ta zauna a layin ƙarshe, amma ta zo. Da aka kawo rajista Lillo ya karɓi biro da hannun hagu. Takardar ta yi ta zamewa, harafin farko ya fita a karkace. Magatakarda ya ce dangwala yatsa ma ya wadatar.

Lillo ya girgiza kai.

Ornella ta sa tafin hannunta ta danne masa takardar, ya ci gaba da rubuta sunansa.