Kujerar Bayan Labule

Ranar farko ta hutun makaranta, da hantsi, Baba ya kai Takwara da Kaka filin jirgin sama.

Sunan Kaka aka sa wa yarinyar, shi ya sa kowa a gida yake ce mata Takwara. Wurin Mama za su je. Mama ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti mai nisa, kuma ta daɗe ba ta zo gida ba. Takwara tana ganinta a waya, amma waya ba ta kawo ƙamshin mayafin Mama. Yanzu gwiwar Kaka ta matsa mata. Mama ta ce a kai ta can likita ya duba.

Kunnen Kaka ya yi nauyi. In baƙo ya yi magana, sai ta juya ta ce, "Me ya ce?" Sai Takwara ta kai baki kusa da kunnenta na dama ta maimaita. Na hagun, in ji Kaka, ya daɗe da yin ritaya.

A bakin ƙofar shiga, Baba ya durƙusa ya gyara wa Takwara jakarta.

"Maganin Kaka yana cikin jakar nan," ya ce. "In an kawo abinci, ki ba ta ƙwaya ɗaya. Yau ke ce kunnenta. Kin ji?"

"Na ji, Baba."

"Mamanki kuma ta ce in tuna miki. Kaka ba ta taɓa hawa jirgi ba. In zai tashi, ki riƙe mata hannu."

"Zan riƙe."

Amma akwai wani abu a ran Takwara da ba ta gaya wa kowa ba.

Akwai wata 'yar ajinsu da ake ce wa Mai Labari. Ita ta taɓa hawa jirgi. Ta ce a gaban jirgi akwai labule, kuma bayan labulen wata duniya ce daban. Kujera takan miƙe ta zama gado. Ana kawo tawul mai ɗumi a goge hannu. Ana kawo cakulan ba sai an roƙa ba.

"Mu kyauta ma aka kai mu," in ji Mai Labari. "In kin sa kaya masu kyau, kin yi murmushi, sai kawai su ce ki taso."

Tun daga ranar Takwara take mafarkin labulen nan. Shi ya sa yau ta sa rigarta mafi kyau. Ta yi wa mai auna kaya murmushi. Ta yi wa mai duba tikiti murmushi. Har mai shara sai da ta yi masa. Kumatunta suka gaji.

"Takwara, lafiya?" Kaka ta ce. "Haƙoranki kike shanyawa?"

Ba wanda ya ce su taso.

Da suka shiga jirgi, ta gaba suka wuce. Ga kujerun nan manya, masu faɗi, kowace da matashinta. Takwara ta shafa ɗaya da yatsa. Laushi kamar bayan kyanwa. Ta yi ta waiwaye har suka wuce labulen.

Nasu kujerun suna can baya, guda biyu, a matse. Takwara ta zauna kusa da taga. Kaka ta zauna da ƙyar. Gwiwarta ta tokari kujerar gabanta. Ta cije leɓe.

Wata ma'aikaciyar jirgi, doguwa mai ɗan gyale a wuya, ta karɓi sandar Kaka ta sa a sama. Ta dubi gwiwar. Ta tafi, can sai ga ta ta dawo. Ta sunkuya, tana nuna ƙafar Kaka.

"'Yan mata, akwai kujera ɗaya a gaba, mai ita bai zo ba," ta ce wa Takwara. "Shugabarmu ta ce a ba kakarki kyauta. Can za ta samu wurin miƙe ƙafa. Tambaye ta ko tana so."

Takwara ta dubi labulen. Kujera ɗaya. Bayan labule.

"Me ta ce?" Kaka ta tambaya.

Ma'aikaciyar ta juya tana rufe wurin kaya. Injin jirgi yana ta gurnani. Takwara ta kare bakinta da hannu, ta kai shi kunnen Kaka.

"Wai an ba ni kujera a gaba," ta ce.

Kaka ta dube ta. Ta daɗe tana dubanta. Sannan ta ce a hankali, "To. Je ki."

Takwara ta miƙe da sauri. "Anti, ta ce ba ta so. Ta ce ni in je."

Ma'aikaciyar ta dubi Kaka. Kaka ta gyaɗa kai, ta ɗaga hannu alamar su tafi.

Haka Takwara ta shiga bayan labule.

Komai yadda Mai Labari ta faɗa yake. Kujerar ta haɗiye ta, ƙafafunta ba sa taɓa ƙasa. An kawo lemo a kofin gilashi. An kawo tawul mai ɗumi yana hayaƙi. Kusa da ita wani mutum ne mai furfura a gemu. Ya rufe idonsa da baƙin ƙyalle, ya yi barci tun kafin a rufe ƙofa.

Jirgi ya fara gudu. Gudun ya ƙaru. Ya bar ƙasa, gidaje suka koma kamar akwatunan ashana. Takwara ta miƙa hannu gefe, ba ta ma sani ba. Hannunta ya sauka a kan katako mai sanyi.

Sai ta tuna da hannun da ta ce za ta riƙe.

"Ai an riga an tashi," ta ce a ranta. "Kaka ba yarinya ba ce."

Jirgi ya shige cikin gajimare, ya fito ta samansa. Fari tas, ya shimfiɗu har inda ido ya ƙare. Takwara ba ta taɓa ganin abu mai kyau haka ba.

"Kaka, duba!" ta ce.

Mai furfura ya ja minshari.

Ta danna wani maɓalli, kujera ta kwanta. Ta danna, ta tashi. Ta sake dannawa. Ba wanda ya yi dariya. Da Kaka tana nan, da ta ce, "Wannan kujera ta fi ki jin magana." Takwara ta waiwaya. Labulen da take mafarkin shiga, yanzu shi ne ya tsaya tsakaninta da Kaka. Ba ta ganin komai sai zane mai ruwan toka.

Aka kawo abinci a faranti masu kyau, da ɗan cakulan a gefe. Takwara ta buɗe jakarta za ta ɓoye cakulan ɗin, ta nuna wa Mai Labari in an koma makaranta. Hannunta ya ci karo da wata 'yar kwalba.

Maganin Kaka.

Ta kwance bel ɗin da ya ɗaure ta a kujera za ta tashi. Daidai nan jirgi ya yi wata girgiza. Lemo ya zube. Wata 'yar fitila ta kama a sama, matuƙin jirgi ya ce kowa ya zauna, an shiga iska mai ƙarfi.

"Zauna, 'yan mata," ma'aikaciyar ta ce. "Ɗaura bel. Ba mai tashi sai fitilar nan ta mutu."

"Anti, Kakata..."

"Sai ta mutu. Haka doka take."

Jirgi ya yi sama, ya yi ƙasa. Takwara ta ƙanƙame kwalbar. In ita da take jin maganar matuƙi tana tsoro haka, ina ga Kaka? Kaka ba ta ji abin da aka ce ba. Ba wanda zai gaya mata iska ce kawai, za ta wuce.

Takwara ba ta taɓa abincin ba. Ta zuba wa fitilar ido. Ba ta taɓa son wani abu kamar yadda take son fitilar nan ta mutu ba, ko labulen ma bai kai ba.

Da ta mutu, Takwara ta ture labule ta yi baya.

Ta tarar da Kaka idonta a rufe, carbi a hannun hagu. Hannun dama kuwa yana kan kujerar Takwara, tafin a buɗe, kamar mai jira. Ta cire takalmi ɗaya don ƙafar ta kumbura. Abincinta yana nan a rufe.

Takwara ta sa hannunta cikin na Kaka. Kaka ta buɗe ido.

"A'a, manyan gari," ta ce. "An tuna da mu talakawa?"

"Ba ki ci abinci ba."

"Ina jiran magani." Kaka ta kwance bakin mayafinta, ta fito da biskit. "Ungo. Na ajiye miki. Ban sani ba ko can ba su ba ki ba."

Takwara ta dubi biskit ɗin. Hawaye ya zubo mata. Ta ba Kaka magani da ruwa, sannan ta kai baki kunnenta.

"Kaka, ƙarya na yi miki. Ba ni aka ba kujerar ba. Ke aka ba, saboda ƙafarki."

"Na sani."

Takwara ta ja da baya. "Kin sani?"

"Kunnena ne ya yi nauyi, Takwara, ba idona ba. Na ga yarinyar tana nuna gwiwata. Ko ke ma kina da gwiwa a jikina?"

"To me ya sa kika ce in je?"

"Na ga yadda kika shafa kujerar nan da muka shigo. Na ce bari ta je ta gani." Kaka ta share mata hawaye da babban yatsa. "Da kin roƙe ni, da na ba ki da hannuna. Ciwon gwiwa na saba da shi. Abin da ya fi min ciwo, kunnena ya gaya min abin da ba a ce ba."

Ma'aikaciyar tana tahowa da tire. Takwara ta tsaya a gabanta, kai a ƙasa.

"Anti, Kaka ba ta ce ba ta so ba. Ni ce ban gaya mata daidai ba. Ki yi haƙuri."

Ma'aikaciyar ba ta yi murmushi ba. Ta dubi ƙafar da ta kumbura.

"Kin ga abin da ya jawo?" ta ce.

"Na gani."

"To, kama mata ɗaya hannun."

Ta sauko da sandar. Su biyu suka taka da Kaka a hankali har bayan labule. Takwara ta danna maɓallin da ta riga ta ƙware a kai. Kujera ta miƙe, ƙafar Kaka ta miƙe tare da ita. Kaka ta saki wata doguwar ajiyar zuciya.

"Kai," ta ce. "Wannan kujera ta fi ki jin magana."

Takwara ta yi dariya da hawaye a fuskarta. Ta koma baya ita kaɗai. Ta zauna a kujerar Kaka, ba a tata ba. Ta ci biskit ɗin a hankali. Wurin a matse yake, amma ƙirjinta ya yi sakayau.

Can sai ga ma'aikaciyar. Ta ajiye mata wani abu a naɗe cikin farar takarda.

"Saƙo ne daga gaba," ta ce. Wannan karon ta yi murmushi.

Cakulan ne, an gutsuri rabi.

Da jirgi ya sauka, Takwara ta jira mutane suka ragu, ta isa wurin Kaka. Mai furfura yana tsaye yana murza yatsunsa.

"Kakarki tana da ƙarfi," ya ce. "Da za mu sauka ta damƙi hannuna, sai da na farka."

"Me ya ce?" in ji Kaka.

"Wai kin kusa karya masa hannu."

"Gaya masa aron hannu na yi. Mai riƙe nawa tana baya."

A wurin tarbar baƙi, Takwara ce ta fara hango Mama. Ta sheƙa da gudu ta faɗa jikinta. Ƙamshin mayafin yana nan yadda ta san shi. Ta daɗe ba ta ɗago ba.

Mama ta durƙusa ta gaida Kaka. Ta dubi ƙafar, ta taɓa ta da yatsa kamar yadda take yi wa marasa lafiya.

"Ta kumbura. Ba ki miƙe ta a hanya ba?"

Kaka ta dubi Takwara. Ta bar wa mai maganar maganarta.

"Laifina ne, Mama," Takwara ta ce. Ta faɗi komai, tun daga murmushin har zuwa labulen. Ba ta rage ba.

Mama ta saurara har ƙarshe. Sannan ta riƙe kafaɗunta.

"Son abu mai kyau ba laifi ba ne," ta ce. "Amma kin karɓi abin da aka ba wanda ya fi ki buƙata, kuma da ƙarya kika karɓa. Wanda ya dogara da ke, amana ce a hannunki. Ba a cin amana don kujera, ko da ta zinariya ce. Na ji daɗi da kika gyara da kanki. Kada ki sake."

"Ba zan sake ba."

Kaka ta zunguri Takwara da sanda. "Me ta ce?"

Takwara ta zagayo ta dama. Ta yi ɗage, ta kai baki kunnen Kaka. Ta maimaita maganar Mama duka, har da faɗan, ba ta cire ko kalma ɗaya ba.

Kaka ta gyaɗa kai, ta miƙa mata hannu. Takwara ta riƙe, Mama ta ɗauki jaka, suka nufi ƙofa.