Laftof ɗin Malam Sirajo

Ranar da Mardiyya ta shigo shagon Zakariyya a Ƙauran Namoda, rungume take da tsohon laftof naɗe cikin ɗankwali. Shi kaɗai ta tarar, kamar kullum. Tun da rikici ya watsa danginsa daga Kurya Madaro, injinan da yake gyarawa ne abokan hirarsa.

"Na babana ne, Malam Sirajo," in ji ta. "Ya rasu bai faɗa wa kowa kalmar sirrin ba. Muryarsa tana ciki."

Zakariyya ya daɗe yana dubawa.

"Kullen yana cikin 'yar ƙwayar lantarkin da ke tada injin. Zan goge ta in zuba buɗaɗɗiyar manhaja mai suna Coreboot, in sa maki tsarin Linux, ba mai sake kulle maki shi. Amma in hannuna ya goce, ba zai ƙara tashi ba."

"Na yarda da hannunka."

A kwana na uku allon ya kawo haske. Muryar Malam Sirajo ta cika shagon yana koyar da lissafi. Mardiyya ta rufe fuska, shi kuma ya fita waje ya ba ta wuri.

Ta koma Zurmi wurin Gwaggonta, saƙonni suka fara, yana koya mata aiki da laftof ɗin ta waya.

"Malamina, yau na buɗe baƙin allon ba da umarni ni kaɗai."

"Ɗalibata, shagon nan ya yi mani girma tun da kika tafi."

Sai aka yanke sabis a duk Zamfara. A nan Muhtari, maƙwabcinsu da ya daɗe yana son Mardiyya, ya gaya wa Gwaggo cewa baƙin allo mai fararen rubutu aikin 'yan damfara ne. Gwaggo ta hana ko ambaton Zakariyya a gidan.

Makonni suka wuce shiru. Zakariyya ya ji labarin Muhtari a tasha, ya ɗauka an gama maganar aurensu. Yakan buɗe shago ya wuni da injinansa kaɗai.

Wata Laraba Gwadabe direba ya miƙo masa filash na kwamfuta daga Mardiyya. Rubutu guda ne a ciki:

"Malamina, ban amsa wa kowa ba. Kullum ina kunna shi, amma ba wanda zan tambaya. Hanya ba kyau, kada ka zo."

Washegari ya hau mota.

Ya durƙusa a gaban Gwaggo, ya kwance laftof ɗin.

"Gwaggo, ba abin ɓoye a cikinsa. Duk mai so yana iya karanta yadda aka yi shi."

Ta dube shi, ta dubi ƙurar da ke ƙafarsa.

"Ni injin nan ban gane mai komi ba. Amma wata biyu ko ɗan'uwa bai biyo hanyar ga ya gaishe mu ba. Turo magabatanka."

Bayan girbin gero aka ɗaura aure. Kawunnansa biyu kaɗai suka samu zuwa daga Shinkafi. Gwaggo ta riƙe hannun Mardiyya har bakin mota.

"Ga amana nan, Zakariyya. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya cika maku gida."

"Amin, Gwaggo," suka amsa tare.