Totuwa a Hancin Mota

A garin Ƙarfi akwai wani yaro ɗan aji biyar, wanda ba a raba shi da tsokana. Shi ne ya ɗaura wa akuyar maƙwabta gwangwani a wuya. Shi ne ya sa kwaɗo a takalmin mai gadin makaranta. In an kama shi ya yi ta kuka. Da an sake shi sai ya je yana cika baki, wai ko ɗigon hawaye bai zubar ba.

Yana zaune ne wurin kakarsa, Tsohuwa, tare da kawunsa Mudi, wanda bakanike ne.

A ƙofar gidansu akwai wata tsohuwar mota ƙirar Landiroba ta marigayi kakansa. Ta daɗe a kwance ƙarƙashin darbejiya. Kaji suna ƙwai a kujerar direba, ƙadangaru suna shan hantsi a kan bonet.

Bana sai Kawu Mudi ya ce zai tashe ta. Gonarsu ta masara tana hayin rafi, kuma babu motar da ke iya zuwa can. Duk shekara Baffa Manu ne yake kwaso musu amfanin gona da amalanke da bijimansa biyu.

Kawu ya sauke injin ya wanke shi da kalanzir. Ya je Funtua ya sayo manyan tayoyi masu haƙora. Ya ɗaga jikin motar don kada cikinta ya taɓa laka. Ya yi mata koren fenti. Daga ƙarshe ya kafa wani dogon bututu a gefen gilashi, har saman rufi.

"Kawu, wannan fa?" in ji yaron.

"Hancinta ne," in ji Kawu Mudi. "Ta nan za ta riƙa shaƙar iska. Ko mun shiga rafi, ruwa ba zai kai ga injin ba."

Yaron ya ɗaga kai ya kalli hancin. Idonsa ya yi wani ƙyalli.

A makaranta ya tara abokai. "Motar nan maganata take ji," in ji shi. "In na ce kada ta tashi, ba za ta tashi ba."

"Ƙarya kake!" in ji abokinsa Mus'ab. "Kai da ko keke ba ka iya ba."

"To, ka zo yau da la'asar ka gani."

Da Kawu ya tafi masallaci, yaron ya samo totuwar masara, ya naɗe ta da tsumma. Ya haye kan taya, ya cusa ta a bakin hancin. Nufinsa in Mus'ab ya gani ya yarda, sai ya zare abarsa. Amma da ya ƙara dannawa kaɗan, sai totuwar ta zurma ciki. Ya sa yatsa, bai kai ba. Ya sa kara, ta ƙara yin ƙasa.

Yana jin motsin shanu ya diro, ya laɓe bayan darbejiya.

Baffa Manu ne yake wucewa da bijimansa. Ya tsaya ya zagaya motar yana kaɗa kai. Ya ɗora tafinsa a kan bonet, leɓensa na motsi. Sannan ya yi tofi sau uku, ya shafa, ya kora shanunsa ya tafi. Tsohuwa tana cikin zaure tana kallon komai.

Da la'asar mutane suka taru don ganin tashin motar. Kawu Mudi ya yi bisimilla ya murza makulli. Motar ta yi tari, ta fesar da baƙin hayaƙi, ta mutu. Ya sake murzawa. Ta sake tari, ta yi shiru.

Mus'ab ya buɗe baki yana kallon abokinsa. Yaron ya ɗaga kafaɗa kamar wani gwani.

Kawu ya duba fulogi, ya duba batir, ya duba mai. Komai lafiya lau. Bututun ne kaɗai bai duba ba, don sabo ne, kuma da hannunsa ya kafa shi.

"Jiya fa na gwada ta," in ji shi. "Lafiya ƙalau ta tashi. Wa ya taɓa motar nan?"

Kowa ya dubi na kusa da shi.

Sai Tsohuwa ta ce, "Mudi, zo nan." Ta rage murya, amma ba ta rage sosai ba. "Da idona na ga Manu ya yi mata tofi. In motar nan ta tashi, wa zai ƙara neman amalankensa? Ka yi tunani mana."

"Haba, Tsohuwa! Manu fa?"

"Ni dai na faɗa maka abin da na gani."

Kafin gari ya waye maganar ta zaga unguwa. A majalisar mai shayi aka ce Manu ya ɗaure motar Mudi. A bakin rijiya aka ce dama an daɗe ana zarginsa. Wata ma ta rantse tun da ya kalli kazarta ta daina ƙwai.

Da safe Sabuwa, 'yar Baffa Manu, ta kawo nono kamar kullum. Tsohuwa ko ƙwaryar ba ta kalla ba.

"Koma da shi. Mun daina sha."

Sabuwa ta ɗauki ƙwaryarta ta fita a hankali. Yaron yana zaune da kokonsa a hannu, yana kallo.

Ajinsu ɗaya da Sabuwa. Ranar babu wanda ya yarda ya zauna a bencinta. Wani ya ce, "Ku ɓoye fensirinku, kada 'yar mai tofi ta ɗaure shi!" Aka kwashe da dariya. Sabuwa ta kifa kai a kan tebur.

Mus'ab ya matso kusa da yaron, ya ƙura masa ido. "Kai ka ce kada ta tashi. To, ka ce ta tashi mana."

"Ban ga dama ba tukuna."

"Anya? Ni fa ban yarda da kai ba."

Daga nan yaron ya rasa sukuni. In Kawu ya kalle shi, sai ya ga kamar ya sani. In Tsohuwa ta jefa totuwa a murhu, sai ya zabura. Ko akuya ta yi kuka, ji yake kamar ƙararsa take kaiwa.

Ranar Juma'a da hantsi Kawu Mudi ya fito cikin babbar riga, fuskarsa a ɗaure.

"Ina za ka, Kawu?"

"Wurin mai unguwa. A kira Manu gaban jama'a, ya warware abin da ya yi."

Yaron ya tuna Baffa Manu, wanda yake ɗora shi a amalanke tun yana ƙarami. Ya tuna Sabuwa da ƙwaryarta. Sai ya ruga ya tare ƙofar zaure.

"Kawu, kada ka je. Ba shi ba ne."

"To wane ne?"

"Ni ne. Totuwa na cusa mata a hanci."

Kawu Mudi ya tuɓe babbar riga, ya ɗauko sifana, ya kwance bututun ya girgiza. Totuwa ta faɗo ƙasa da tsummanta. Ya mayar da bututun, ya murza makulli. Motar ta tashi da ruri, har kaji suka watse.

Babu wanda ya yi murna. Tsohuwa ta zauna a kan turmi, ta riƙe haɓa.

"Innalillahi," in ji ta. "Na ɗauki alhakin bawan Allah."

Su uku suka tafi gidan Baffa Manu. Suka same shi yana ba bijimansa harawa. Yaron ya durƙusa ya faɗi komai, ba tare da ya rage ko ɗaya ba.

"Manu, ka yafe mini," in ji Tsohuwa. "Tofin da na ga ka yi ne ya ruɗe ni."

Baffa Manu ya kalle su. Sannan ya shafa wuyan bijiminsa.

"Tsohuwa, addu'a na yi mata. Dubi shanun nan, sun tsufa. Bara da ƙyar suka hau gangaren rafi. Roƙo na yi Allah ya tashi motar nan, ko su ma su huta."

Kawu Mudi ya sunkuyar da kai. Baffa Manu ya juya wajen yaron.

"Na yafe maka, ɗana. Amma ba ni kaɗai ka ɓata wa ba."

Ranar Litinin yaron ya tsaya gaban aji. Wannan karon babu cika baki. Ya faɗi abin da ya yi, ya roƙi Sabuwa gafara. Mus'ab ya ce, "Ashe asirin naka totuwa ne!" Aji ya fashe da dariya, har Sabuwa ta yi murmushi.

Ranar kwasar masara Baffa Manu ne a kujerar gaba. Sabuwa da Mus'ab suna baya. Kawu ya ce mai totuwa a ƙasa zai bi su. Haka yaron ya yi ta tafiya cikin laka har bakin rafi.

A nan Baffa Manu ya leƙo ta taga. "Mudi, ya isa haka. Bar shi ya hau."

Yaron ya haye. Motar ta kutsa cikin ruwa, ƙafafunta huɗu duk suna ja, hancinta a sama yana shaƙar iska. Ruwa ya kai ƙofa, amma ko tari ba ta yi ba. Da suka hau tudu, Baffa Manu ya ɗora hannu a jikinta ya yi tofi. Kowa ya ce amin, kuma muryar yaron ta fi ta kowa ƙarfi.

Tun daga ranar ya gane cewa wasan da zai jawo wa wani zargi ba wasa ba ne. In ka yi kuskure, ka faɗa da wuri, kafin a ɗora shi a kan wanda bai ji ba bai gani ba. Tsohuwa ma ta koyi nata darasin: ba a yanke wa mutum hukunci da zato.

Washegari Sabuwa ta kawo nono, Tsohuwa ta karɓi ƙwaryar da hannu biyu.